Kurege da Guga Mai Huji Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wata shekara rani ya yi tsawo, rijiyar namun daji ta fara ja da baya. Su kuwa ko a jikinsu. Gugansu ƙato ne na fatar bijimi, kowa ya zo sai ya cika shi fal, ya kurɓi kaɗan, ya sheƙar da saura a ƙasa. An yi shela, an yi faɗa, an yi roƙo, duk a banza.

Sai Bushiya badukiya, tsohuwar da ke yawo da basillunta a gadon baya, ta ce, "Ku huta da ɓata yawunku. Ku ba ni gugan, shi zai yi musu faɗan."

Ta huda shi huji uku a daidai ƙugu. Kome ka cika shi, kafin ya iso sama rabi ya tsiyaye ya koma rijiya. Rijiyar kuwa gaba goma sha biyu ce. Wanda ya ja har hannunsa ya yi kanta, ai ba sai an ce masa kada ya zubar ba. Aka ba Kura gadi, ta rantse duk wanda ya taɓa hujin nan sai ta gutsure masa wutsiya.

To, ga Kurege. Kun dai san shi, duk duniya ba abin da yake so kamar wutsiyarsa. Sau uku yake wanke ta a yini, ya taje, ya shanya, ya bi kasuwa yana kaɗa ta. Ga son wanka, ga ƙyuya. Ja biyu ya yi da sabon guga ya ce shi kam an cuce shi.

Da rana ta take, Kura ta tafi inuwa ta miƙe ƙafa, sai ya lallaɓo da ƙaro cike da hannu. Ya liƙe huji na ɗaya, ya liƙe na biyu, ya liƙe na uku. Ya zura guga, guga ya cika fal. Ya ja, ya ja, guga ma ya ja. Kurege kuwa nawa yake? Sai ji kake tsulum!

Ya miƙe a gindin rijiya yana tari, ya ga ruwan iyakarsa wuya. Wuyan kurege fa, ba na raƙumi ba. Bai taɓa zaton ruwan ya ja da baya har haka ba.

Can sai ga inuwar kunnuwa a sama.

Kura ta ce, "Wane ne a ciki?"

Ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe, ƙaninki Kurege."

"Me kake yi?"

"Awon ruwa. Kowa sha yake yi, ba mai dubawa. Na ce bari in sadaukar da kaina."

Kura ta ce, "Kai, madalla! Shiga gugan in jawo ka."

Ya shiga, Kura ta kama igiyar da ke ɗaure a bakin rijiya ta fara ja. Sai ya tuna ƙaro. In ya iso sama da huji a toshe, wutsiya ta tafi. In ya yar a ruwa, ga Kura ta zuba ido. Sai ya sunkuya kamar mai gyara zama, ya ɓamɓare na ɗaya ya jefa a baki, ya ɓamɓare na biyu ya jefa a baki, na uku ma haka. Ruwa ya tsiyaye, guga ya iso lafiya lau.

Kafin nan jama'a sun taru, har da Bushiya. Kura ta ce, "To, mai awo, ruwa nawa ya rage?"

Kurege ya zo buɗe baki, baki ya ƙi. Ƙaro ya kama haƙora gam. Ya ce, "Mmm."

Bushiya ta dubi gugan, ta shafa bakin huji, ta ji danƙo a yatsa. Ta dubi kumatun Kurege, shi kuma ya dube ta da idon roƙo, ya naɗe wutsiya a tsakanin ƙafafu.

Ta ce, "Tsoro ne ya ɗaure masa harshe, amma ni ina jin maganarsa. Ɗan nan, ruwa ya kusa ƙarewa, ko?"

"Mmm."

"Ya ce a daina wankan wutsiya sai damina."

"Mmm!"

"Ya ce kuma kullum da safe a riƙa zura shi yana dubo mana, ba ya son ko sisi."

"Mmm! Mmm!"

Kura ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, ji yadda yake nacewa."

Haka aka yi ta zura Kurege kowace safiya har ruwan sama ya sauka. Wutsiya dai ta tsira, sai dai kullum cikin taɓo take. Kuma duk dajin ba wanda ya kai shi masifa in ya ga an ɗigar da ruwa a ƙasa.

Kurunkus kan ɗan kurege. Wanda zai yi ƙarya, ya tabbata bakinsa zai buɗu har ƙarshenta.