Geron da Ƙwaro Ya Ƙi Ci

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ya shuɗe, wani bawan Allah ana ce masa Ɗantani. Ku saurara da kyau. Ku na baya can masu hira, ku bari sai an tashi.

Ɗantani ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Tsoho ne mai ban-ruwa a lambun wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Ilu. A cikin lambun yake kwana, a wata 'yar bukka a gindin tsamiya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba shi haihuwa ba. Bukkar nan ita ce gidansa, ita ma ba tasa ba ce.

Kun san mai lambu da tsuntsu ba sa shiri. Wani ya kafa mutum-mutumi, wani ya rataya gwangwani. Shi Ɗantani kasuwa yake tafiya ya sayo musu abinci. Eh, kun ji ni daidai, ya sayo! Kuma ba ya sayen sharar da aka tattara a ƙasa. Zai tsuguna gaban buhu, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo na can ƙasa, ya murza a tafi, ya hura, ya shinshina. Dawa ta kurciya da hasbiya ce. Gero na gwara da kanari ne, masu ƙananan baki. Da can har taunawa yake yi, amma haƙora sun yi masa sallama.

Masu awo su yi ta dariya, su ce, "Baba Ɗantani, amarya za ka kai wa?"

Ya ce, "Baƙi gare ni. Ba ni na kira su ba, Allah ne ya turo su. Ba zan ba baƙo abin da ni na ƙi ba."

To, wata shekara ƙwari suka shiga rumbuna. Duk buhun da ka buɗe, ƙwaro ya huda shi, rabi tsaba rabi gari. Ran kasuwa Ɗantani ya zaga ya zaga, bai ga abin da ya kwanta masa ba. Sai a rumfar maigidansa ya tarar da wani buhun gero, tas da shi, yana sheƙi, babu ƙwaro ko ɗaya. Wata mata mai suna Hajjo tana tsaye ana auna mata. Yayanta ne ya rasu, ranar ake sadakar uku, za a daka gumba a raba da la'asar.

Ɗantani ya yi mata ta'aziyya, ya ce, "Alhaji, ni ma wannan nake so."

Alhaji Ilu ya ɗan ɓata fuska. "Ɗauki wancan mana. Tsuntsu me ya sani?"

"Ni na sani, Alhaji."

Aka auna masa. Ya koma lambu yana murna kamar wanda ya yi tsintuwa. Ya watsa a gindin tsamiya, tsuntsaye suka sauko, suka rufe wurin, shi kuwa ya tafi ba albasa ruwa.

Ku saurara, jama'a. Bayan azahar ya dawo, sai ya ji shiru. Wurin da kullum kunne ke cika da kuka, yau shiru. Ya ƙarasa, ƙwaryar hannunsa ta faɗi. Ga su nan birjik a ƙasa. Gwara, kanari, kurciya, ƙafafu a sama. Akwai wata kurciya mai ɗingishi da ta saba ci a tafin hannunsa, ita kaɗai ke sauran motsi. Ya ɗauke ta, ta yi fiffika sau ɗaya, ta cika a hannunsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tsoho ya durƙushe a gabansu. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Da hannuna! Ni na zaɓa, ni na watsa!" Ya zuba sauran geron a ruwa, wani farin kumfa ya taso, da wani wari mai hawa kai. Nan take Hajjo ta faɗo masa a rai.

Ya kwashe tsuntsayen a kwando, ya rufe da ganye, ya nufi rumfa. Alhaji Ilu yana ɗaga ganyen ya ja shi bayan buhuna, murya ƙasa-ƙasa. "Iri ne na ajiye, na barbaɗa masa maganin ƙwari. Shuka ta wuce, ya yi saura. In zubar? An sheƙe shi fa. In an wanke an dafa, ba abin da zai yi wa mutum."

Ɗantani ya dube shi. "Alhaji, gumba ai ba a dafa ta."

Alhaji ya mayar da ganyen a kan kwandon. Sannan ya ce, "Ƙila ba abin da zai faru. Ka rufa mini asiri, je ka binne su. In kuwa ka buɗe baki, kada ka sake taka mini lambu."

Ku tsaya nan ku auna. Tsoho ne. Ba ɗa, ba dangi, ba ƙarfin ƙwadago. Bishiyoyin lambun nan shi ya dasa su. Babu wanda ya ga tsuntsayen sai su biyu. In ya yi shiru, wa zai tuhume shi? Wallahi tsoro ya kama shi, kada ku zaci bai kama shi ba.

Ya ce, "Alhaji, na ci abincinka shekara da shekaru, ba na son tozarcinka. Taso mu je tare, ka faɗa da bakinka. Ya fi maka."

Alhaji ya juya masa ƙeya.

Sai tsohon nan ya ɗora kwando a ka, ya zura da gudu. Mutumin da rabonsa da gudu tun yana saurayi! Ya isa gidan makoki, maza na zaune a tabarmi, an fito da gumba a faifai, yara sun yi layi a ƙofar zaure, an fara miƙa musu. Ko sallama bai yi ba. Ya juye kwandon a tsakiyar tabarma, ya ƙwala ihu: "Kada kowa ya ci! Guba ce a geron!"

Wani ya ce tsohon ya taɓu. Sai ga kururuwar mata daga cikin gida: akuyar da ta sha ruwan da aka wanke geron tana kwance bayan turmi, kumfa na fita a bakinta. Hajjo ta fito a guje ba mayafi, ta tarar da jikar marigayi ta kai gumba bakinta, ta doke hannun, gumbar ta faɗi a ƙasa. Iyaye suka bi yara suna ƙwacewa, ana salati, ana kuka. Aka baza mutane su bi duk gidan da ya sayi geron. Hajjo da ta ɗanɗana wajen daka sai da ta kwanta jinya, amma ta tashi. Geron nan bai jawo wata jana'iza a gidan ba.

Kuna jira in ce ya tsinci tukunyar zinariya? Bai tsinta ba. An tambaye shi inda geron ya fito, ya faɗi gaskiya, bai ƙara zagi ko ɗaya ba. Hukuma ta yi nata da Alhaji Ilu, lambun kuwa Ɗantani bai ƙara kwana a cikinsa ba. A zauren gidan marigayin ya ƙarasa rayuwarsa. Tsuntsayensa kuwa, tun a ranar ya binne su yana hawaye.

Da kasuwa ta zagayo, sai ga shi tsugune gaban buhu. Ya tona ya tona har ya ga ƙwaro yana tafiya da ransa, ya ce, "Auna mini wannan. In ƙwaro ya ci ya rayu, baƙina ma za su rayu." Ranar babu mai awon da ya yi dariya.

Jama'a, darasin a fili yake. Wanda ya riƙe amana a kan abincin gwara, shi ne zai riƙe ta a kan ran ɗan Adam, ko da za ta raba shi da makwancinsa. Kai mai barbaɗa magani a wake da hatsi kana cewa ai za a wanke, ka ji tsoron Allah. Ke mai fitar da ruɓaɓɓe da sunan sadaka, ki ji tsoron Allah. Kai kuma da ka gani ka yi shiru don kada maigida ya kore ka, ka sani yara suna layi a ƙofar zaure, kuma shirunka yana cikin abin da za a miƙa musu. Allah ya ba mu ikon buɗe baki tun gumba ba ta kai bakin yaro ba.