Karen Gari da Gashin Awaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta!

Wata shekara makiyaya suka gangaro daga tsaunin Mambila da karensu, Karen Dutse, ƙato, mai gashi buzu-buzu saboda sanyin can. Kullum sai matar Ardo ta ajiye masa kindirmo a sabuwar ƙwarya. Karen Gari kuwa yana leƙe ta jikin darni, zuciyarsa na tafasa.

Ran nan ya kasa haƙuri, ya ce, "Kai baƙo, ni da aka haifa a nan ƙanzo ake jefa mini. Da me ka fi ni?"

Karen Dutse ya ce, "Ɗan'uwa, shanu nake tsarewa."

"Ƙarya! Gashin nan ne ya ruɗe su."

Sai ya nufi majema, ya shafe jikinsa da danƙo, ya yi ta birgima cikin gashin awakin da aka kankare. Ya taho ruga yana taƙama, ya tsaya bakin garke yana jiran ƙwarya.

Kura na laɓe a kwazazzabo, ta shaƙi iska. Ta ce, "Af! Yau bunsuru aka ba gadi?" Ta yi wuf ta cafke shi.

"Goggo, wallahi ni kare ne!"

"Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Da ƙyar Karen Dutse ya ƙwace shi. Matar Ardo ta ga haka, ta ƙara wa karenta ƙwarya ta biyu. Karen Gari na kwance yana lasar rauni, ya ce, "Har biyu! Kuma da fatata aka samo ta."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu, ta ƙare ke nan!