Shekarau da Ginshiƙin Azurfa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani mutum, Shekarau, shi da ƙanensa Dogara. Sana'arsu tsintar duwatsu masu ƙyalli a tsofaffin ramukan kuza da mahaƙa suka watse suka bari.

Ran nan Shekarau ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a bakin wani rami. Ya kai wa maƙeri. Maƙeri ya narka shi, ya ce, "Kai, wannan ai azurfa ce!"

Ashe ramin gidan Beguwa ne. Shekarau ya koma, ya ce, "Beguwa, Beguwa, a ba ni na bakin ƙofa."

Ta ce, "Ɗiba, ba ci nake ba."

Washegari ya ce, "Beguwa, Beguwa, a ba ni na tsakar ɗaki."

Ta ce, "Ɗiba, ba ci nake ba."

Can ciki ya hango wani ginshiƙi, duk jikinsa azurfa. Ya ce, "Beguwa, Beguwa, a ba ni ginshiƙin nan."

Ta ce, "Wannan kam a'a. Shi ya riƙe rufin, 'ya'yana kuma a gindinsa suke kwance."

Shekarau ya koma gida, tuwo ya ƙi ciwuwa. Da safe ya ce wa Beguwa, "Na ga gonar rogo a hayin rafi, babu mai gadi." Ta ruga. Sai ya ce wa Dogara, "Beguwa ta yarda. Kai ne siriri, shiga ka sara, ni ina karɓa daga waje."

"Yaya, ka tabbata?"

"Ni zan yi maka ƙarya?"

Dogara ya sara, ya miƙo. Ya sake sara, ya miƙo. Ya ɗaga diga zai yi na uku, sai rugum! Rufi ya rufta.

"Dogara! Dogara!" Shiru.

Shekarau ya yi ta tono da hannu har faratansa suka zube. Beguwa ta dawo da rogo a baki. Ta dubi ramin, ta dubi Shekarau, rogon ya faɗi. Ta ce, "Matsa in taya ka."

Suka yi ta tono har rana ta faɗi. Ba su iske kowa ba.

Da Shekarau ya isa gida, ya ajiye buhun azurfa a gaban tsohuwarsu. Ko kallon buhun ba ta yi ba. Ta ce, "Ina ƙanenka?"

Har ya mutu bai iya ba ta amsa ba.

To kun ji. Wanda ya ba ku da yardarsa, in ya ce a'a, ku tsaya nan.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a tashi a kwanta.