Ajin da Ɗalibansa Suka Ɓace a Gaban Alƙalai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku gyara zama, domin na zo muku da shari'ar da ta gagare ni.

Akwai wani dattijo a Kano, Malam Haladu, wanda ya shekara arba'in yana ba da karatun littattafai a zaurensa. Da ƙafa ta gaza masa, sai ya daina zuwa ƙauyen Rafin Gawo, inda yake da ɗalibai magidanta, manoma da maƙera, waɗanda ya saba kai wa karatu kowace Alhamis. Wannan yankewa ta dame shi ƙwarai, kuma 'ya'yansa uku sun lura: Sammani da Nafi'u da ƙanwarsu Zinatu.

Sammani ilimin kwamfuta ya karanta. Shekara biyu ya yi yana haɗa wata manhaja wadda malami zai zauna a gida, ɗalibai suna ganinsa suna jinsa daga nesa, shi ma yana ganinsu. Bisa tsarin zaure ya gina ta: wanda ya riga zuwa shi ke farawa, ya ja baƙi, malam ya fassara, sauran suna saurare har layi ya zo kansu. Ko sabis ya yi rauni, murya ba ta yankewa. Ana nan sai aka yi shelar baje kolin fasahar koyarwa, aka ce alƙalai za su zaɓi manhaja ɗaya tak a kai ta makarantun karkara, kuma mutum ɗaya za a kira ya karɓi lambar yabo.

Nafi'u kuwa ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa. Rumfar da aka ba su tana can ƙurya, bayan rumfunan manyan kamfanoni masu fitilu da lasifika, babu mai leƙawa. Sai ya fitar da kujeru, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗauko Malam a mota ya zaunar da shi kan buzu. Sa'an nan ya je ya tari shugabar alƙalan, wata farfesa, ya ce, “Ranki ya daɗe, tun safe injuna kike gani. Zo ki ga malami.” Ta yi murmushi, ta biyo shi da mutanenta.

Sammani ya kunna allon da zai nuna ɗaliban Rafin Gawo. Abin da ya fito bango ne da bencina, babu kowa a kansu. Ga muryoyi kuwa suna tashi: “Allah gafarta Malam! Barka da war haka!” Wani alƙali ya ce, “Wannan ai murya ce aka naɗa.” Sammani ya duba ko'ina, bai ga aibi ba. Alƙalai suka juya za su wuce. Nafi'u ya sha gabansu da faranti na dabino, ya tambayi Farfesa wane ne ya fara koya mata babbaƙu, ta kama ba shi labarin malaminta na allo. Da haka ya riƙe su.

Ita Zinatu malamar firamare ce. Kwana uku ta yi a Rafin Gawo tana bin gonaki, ga kaka ta yi, kowa yana girbi, har ta tara dattawa goma sha bakwai a wani aji. Ta ɗora kwamfuta kan tebur, kyamara tana kallon bencina. Amma da fuskar Malam ta bayyana, sai duk suka tuɓe takalma, suka sauka ƙasa suka durƙusa, inda kyamara ba ta kaiwa. Ta ce, “Baba Bawa, don Allah ku hau benci a gan ku.” Bawa maƙeri ya ce, “Ke 'yar Malam, mu hau benci Malam yana kan buzu? Ba da ni ba.” Ba ta yi musu da shi ba. Ta bar allon a kan tebur, sama da kawunansu, ta ciro kyamarar ta ɗora kan ƙwarya a kife a ƙasa.

Nan take fuskoki goma sha bakwai suka cika allon rumfa. Malam ya yi hamdala, ya ce, “Bawa, ashe kana nan! Ina muka tsaya?” Bawa ya ce, “Babin alwala, Allah gafarta Malam, tun bara.” Malam ya ce, “Shekara guda kana alwala! To, ja mu ji.” Jama'a suka fashe da dariya, Bawa ya ja baƙi, Malam ya fassara, mutane suka baro manyan rumfuna suka kewaye tabarma. Kafin la'asar aka sanar cewa manhajarsu aka zaɓa.

Da aka ce mutum ɗaya ya fito, Sammani ya kira Zinatu ta waya ya ce ta zo da sauri ta karɓa, Zinatu ta ce Yaya Nafi'u ya je, Nafi'u ya ce shi kam ko kunna abin bai iya ba. Aka koma ga Malam, ya ce, “Ni uba ne. Ku nemi alƙali a waje.”

Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta, Ya sanya albarka a iliminmu. Amma kada kowa ya tashi sai kun raba gardama. Da Sammani bai haɗa ba, babu abin nunawa. Da Nafi'u bai kawo alƙalai ya riƙe su ba, babu mai gani. Da Zinatu ba ta tara mutanen ta saukar da kyamara inda ladabinsu ya ajiye su ba, bencina za a yi ta kallo. To, wane ne a cikinsu ya kamata ya miƙa hannu ya karɓi lambar nan?