Gayyar da Mai Ita Bai Zo Ba

Akwai wani manomi a zamanin da gayya take gayya. Ku yaran yanzu ba ku tarar da ita ba. Ni kuwa har yau in ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi ƙamshi, sai in ji kamar gangar noma tana tashi a bayan gari, mata suna tafe da ƙoren kunu a ka. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Manomin nan in ya kama garma ba mai shan gabansa, har makaɗa suka yi masa take nasa na kansa. Wata rana ya hau ɗorawa, reshe ya karye da shi, ya faɗo ta baya. Likitoci suka ce lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara motsi ba. Ya dawo gida a keken guragu, ya shekara a ɗaki yana kallon bango. Daga baya ya fito gindin darbejiya ya koyi sassaƙa, yana yi wa manoma ƙotar fartanya da ta garma.

Akwai kuma wata budurwa, Tabita, wadda takan kawo fartanyar babanta gyara. Ba a taɓa ganin fartanya irin wannan ba, duk mako sai ƙotarta ta sukurkuce. Kowa a ƙauyen ya gane, ban da mai sassaƙar. Ran nan ya ce mata, “Wai ku dutse kuke nomawa a gidanku?”

Ta ce, “Kai dai gyara. In ka gaji ka faɗa, in daina zuwa.”

Bai ce ya gaji ba. Da magana ta yi nisa a tsakaninsu, sai ya ce mata, “Kin san ba zan tashi ba, ba bana ba, ba baɗi ba.”

Ta ce, “Na ga keken tun ranar farko. Ai ni ba makauniya ba ce.”

Sai magabatansa suka je wurin babanta. To, al'adar ƙasar nan ita ce, ba a karɓar goron baiko sai saurayi ya kai gayya gonar surukinsa, shi da kansa a cikin masu huɗa. Tsohon ya ce, “Ya kawo gayya ran Asabar, in an tashi in karɓi goro.”

Tsoro ya kama manomin. Ya tuna mutanen da suka san shi a tsaye za su ga ana sauke shi kamar buhun gero. Ya ce a ransa, ai tsoho aiki yake so, aiki kuwa zai samu. Ya aika da maza arba'in, duk waɗanda ya taɓa yi wa noma a zamanin lafiyarsa, shi kuwa ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure.

Kafin rana ta karkata gona ta kusa ƙarewa. Da suka kai kunya ta ƙarshe, tsohon ya ɗaga sandarsa ya ce, “Ku bar wannan.” Magabata suka ajiye goro a gabansa, ya ture shi gefe. Ya ce, “Gona ta yi kyau. Amma ina mai neman 'yata?”

Suka ce, “Baba, ai ka san halin da yake ciki.”

Ya ce, “Na sani. In rana ta faɗi bai zo ba, ku mayar masa da goronsa.”

Tabita ta ajiye ludayin kunu, ta kama hanya, ta tsaya a bakin ƙyauren manomin. Ta ce, “Wata bakwai ina zuwa wurinka a gaban kowa, ana yi mini dariya, ban fasa ba. Kai sau ɗaya tak ba za ka zo ba?”

Ya yi kuka a bayan ƙyauren, sa'an nan ya buɗe. Keke ba ya shiga taɓo, sai aka ɗora shi a amalanken shanu. A bakin gona abokansa suka sauke shi, kowa yana kallo, daidai abin da ya ji tsoro. Ya zauna a ƙasa, ya karɓi gajeriyar fartanya, yana sara yana jan jikinsa da hannu. Can sai makaɗi ya ɗauki gangarsa ya buga masa takensa na dā, mata suka yi guɗa. Rana tana gab da faɗuwa ya kai ƙarshen kunyar, jikinsa duk laka.

Tsohon ya duba aikin ya ce, “Ɗana, kunyar nan a karkace take. A bar mini ita haka, kada wanda ya gyara.” Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai gonar nan Ubangiji ne, manomin kuwa ni ne da kai. Kowannenmu yana da wurin da ya karye, wani a jiki, wani a zuciya. Sai mu riƙa aika wa Allah da gayya: mu aika da baikon kuɗi coci, mu tura yara sujada, mu ce fasto ya yi mana addu'a, mu kuwa muna bayan ƙyaure don kada a ga raunimmu. Allah bai rasa ma'aikata ba, kai yake nema. Tabita kuma ƙaunarsa ce, wadda ta san halinka sarai tun ranar farko, ta yi ta zuwa ba ta fasa ba. Ku kuma iyayen 'ya'ya mata, in mai keke ya zo ƙofarku, ku dubi mutumin.

Ɗan'uwa, an bar maka kunya ɗaya wadda ba mai huɗa ta sai kai. Zo ka yi ta ko a karkace, tun rana ba ta faɗi ba.