Gangar da Ta Rufe Kukan Taya

A'a, Yahaya, kar ka ɗora ma tsufa. Idona ne ya tsufa, kunnena yana nan. Jiya da ka shigo gari da kamiyon nan, motarka ta kaya, ina bakin rijiya, na ji shi. Ƙii, ƙii, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Ka ce sabuwar taya ce, za ta saba. Taya amarya ce da za ta saba?

Na ji, ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ban taɓa tuƙa komi ba sai tuwo. Amma gobe gyaɗar unguwar nan duka za ka ɗora zuwa Maraɗi, kuma ka ce matarka Hadiza ta hau bisa buhuna da goyo a bayanta. To, ba za ta hau ba. Kai jikana ne, angona ne na wasa, amma wannan ba abin wasa ba ne. Zauna. Ku ma da kuka bar daka kuka zo kallo, ku matso. Ni ba malama ba ce, amma yau zan yi maku wa'azi, ba sai kun ba da sadaka ba.

An yi wani mutum a garin nan, bayan yaƙin Turawa ya ƙare. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa na nan, muna gaisawa.

Allah ya ba shi kamiyo a lokacin da kowa jaki yake kora. Ɗan madaidaici ne, ba babba ba, amma yana kai gyaɗa Maraɗi ya dawo da gishiri da kananzir. Gidansa ba a kwana da yunwa. Ya 'yan uwa, wannan bai isa a yi godiya ba?

Wata rana a Maraɗi ya tsaya kusa da manyan motocin kamfani. Wani ɗan dako ya dubi tasa ya ce, "Wa ya kawo ɗan akuya garken raƙuma?" Aka yi dariya, kowa ya kama gabansa. Mai maganar ya manta tun kafin azahar. Shi kuwa bai manta ba.

Ya ƙetara zuwa Katsina, ya sayo tayoyin motar soja, ragowar yaƙi, kowace ta kai mani nan, ƙugu. Ya sa aka ƙara mashi faifayen ƙarfen nan na ƙarƙashi da ke goye da mota, don ta ɗaga sama. Tsohon makanikin da ya yi aikin ya gaya mashi gaskiya. Ya ce tayar ta fi gidanta girma. Ko dai a yanke katakon da ke bisa kanta a ba ta wuri, ko ya rage kaya. Katakon kuwa an sha mashi fenti kore da ja, har da zanen dawisu. A yanke wutsiyar dawisu? Ya ƙi. A rage kaya? To don me ya sayi manyan tayoyi?

Ya dawo Madarumfa mota na tsaye kamar raƙumi. Yara suka bi shi har bakin tafki. Duk wanda ya ce tayar ta yi kusa da katako, sai ya dunƙule hannu ya tura tsakani, ya ce, "Ga wuri nan, har da saura." Gaskiya ne, hannu na shiga. Amma ba buhu ko ɗaya a cikin motar. Wa ke sanin ƙarfin jaki ba a ɗora mashi mangala ba?

Ranar da aka fara loda ta, sai ta durƙusa. Katako ya sauko ya sumbaci taya. Kun san hanyarmu, yashi da ramuka. Duk ramin da aka faɗa sai ta yi kuka, duk kwanar da aka sha sai ta yi kuka. Masu hawa suka fara tambaya. Mata suka fara cewa gara su bi jakai.

Me kuke tsammani ya yi? Ya koma wurin makaniki? A'a. Makaɗi ya ɗauko.

Ya samo mai ganga ya zaunar da shi gaba, kusa da shi, a kujerar da ake ba dattawa. Da an tashi sai kiɗa, sai kirari, har a isa. Kuma ya koya ma samarin da ke bisa kaya su riƙa dukan rufin kan motar suna bin kiɗan. Tun daga ran nan ba wanda ya ƙara jin kukan taya. Har ni na ce abin ya gyaru. Ashe mai ciwo ne aka rufe ma baki, aka ce ya warke.

Shi fa ya sani. Kullum in ya sauke kaya yana ganin baƙin garin roba na zuba daga tayar, yana ganin zanen da katako ya yi mata kamar tsagen fuska. Katakon ya yi baƙi, yana ƙauri. Sai ya kwaɓa laka ya shafe wurin kafin mutane su gani. Sa'an nan ya wanke hannu, ya yi alwala, ya shiga sahun gaba.

Ya 'yan uwa, bai yi sata ba, bai sha giya ba. Amma rayukan mutane amana ne aka ɗora mashi, ya san inda ɓarakar take, ya sa ganga a kai.

Kakar gyaɗa ta zo da albarka a shekarar. Ya loda har buhuna suka wuce kan motar, muka hau bisa. Ni da ƙawata Indo muka zauna can baya, daidai bisa tayar. Ɗiyarta ce ta haihu a Maraɗi, haihuwar fari, Indo na rungume da ƙwarya cike da kanwa da yaji da daddawa, za ta je wankan jego. Tun daga gida take ta lissafa mani sunayen da take so a sa ma jaririn, kamar ita za a tambaya.

Mun ƙetare gulbi da hantsi, muka shiga yashi mai zurfi. Indo ta ce mani, "Ke, wa ke ƙona tsumma?" Sai na ji buhun da nake bisa ya yi ɗumi. Na leƙa. Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashinmu.

Kun san yadda ake tsai da mota, a buga rufi ne. Maza suka rarrafa gaba suka yi ta duka da hannu, da sanda, da buta. Mu muna ihu. Shi kuwa a ciki me yake ji? Ganga a kunnensa, ga duka a bisa kansa kamar kullum, yau ma ya fi ƙarfi. Ya ce yau samari sun ji daɗin kiɗa. Sai ya ƙara gudu, iska ta hura wutar.

Gangar da ya saya ta rufe kukan taya, ita ce ta rufe kukanmu.

Na ja hannun Indo na ce mu dira. Ta ce bari ta gyara ƙwaryar. Na dira. Ɗingishin nan da kake kwaikwayo kana yaro, Yahaya, a nan na samo shi. Ina kwance cikin yashi na ji tayar ta fashe kamar bindiga, motar ta karkata, ta kwanta a gefen da muke zaune. Buhuna suka rufe Indo da wani dattijo mutumen Gabi. Gyaɗa kuwa mai ce. Ba wanda ya iya matsawa. Har la'asar wuta na ci.

Shi ya fito ko ƙwarzane babu. Wasu suka ce ya yi sa'a. Ni ban ce ba.

Noman mutane na shekara ya zama toka. Ya sayar da gona, ya sayar da gida, bai toshe asarar ba. In ya yi sallama a majalisa sai kowa ya tuna yana da aiki. Wasu masu tausayi suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce iskokin tafki ne. Ƙaddara gaskiya ce, ban musa ba. Amma wace irin ƙaddara ce ke yin kaka guda tana sallama a bakin ƙofa, mai gida na sa a kaɗa mashi ganga don kar ya amsa?

Ƙarshensa garin Ɗan Issa ya koma, bakin kasuwa, yana yanka tsofaffin tayoyi yana yin takalma. Na gan shi da idona. An ce in aka fara kiɗa a kasuwar, ko na biki ne, sai ya tattara wuƙaƙensa ya tashi. Jaririn nan kuwa an sa mashi suna, ba ko ɗaya cikin waɗanda Indo ta lissafa.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Komi girman abu, in ya fi gidansa, gidan zai ci, ya ci kansa. Mutum da mota duk a ƙarƙashin kaya ake sanin su. Kuma Allah ba ya kama bawa sai ya aiko mashi da ƙara, ƙarama, mai ban haushi. Wanda ya gyara ya tsira. Wanda ya nemo makaɗi, shi da Mahaliccinsa.

Allah ya kiyaye mu da girman kai. Allah ya kiyaye mu da masu kaɗa mana ganga ranar da ya kamata a yi mana faɗa. Allah ya ji ƙan Indo da dattijon Gabi, shi ma wancan Allah ya yafe mashi, in waɗanda ya ƙona sun yafe. Ku ce amin.

Me ka ce, Yahaya? Taka dabam ce, ka sa hannu da safe ya shiga? Madalla. To gobe ka loda buhunan duka, kar ka bar ko ɗaya. Sa'an nan ka tura hannun nan naka a wurin, ka ba wani ya ja motar daga nan zuwa bakin rijiya, kana biye. In ka fiddo shi da yatsu biyar, ba Hadiza kaɗai ba, ni ce zan fara hawa.