Bangon Hajiya Nana Fatima

Akwai wani mai zane a birnin Alƙahira, sunansa Uzairu, mutumin Damagaram. Karatun addini ne ya kawo shi Masar, amma bai yi shekara biyu ba ya sauya sheƙa zuwa makarantar koyon zane. Da ya gama bai koma gida ba. Ya auri wata yarinya mai suna Rahina, ya kama gidan haya a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir, ya mayar da baranda wurin aikinsa.

Ya iya zane, wannan kam ba a ja da shi. Kullum da safe zai sha shayinsa, ya ɗauki ƙaramin littafi da fensir, ya hau mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa bakin kogin Nilu. Ya zana kwalekwale, ya zana gada, ya zana mai sayar da gasasshiyar masara. In ya dawo ya dama fenti, ya mayar da su kan ƙyalle. Masu shagunan 'yan yawon buɗe ido ke saye.

Matsalarsa ɗaya ce, kansa ya kumbura. In kana son ganin ɓacin ransa, kira shi mai fenti. Nan take zai gyara maka: "Ni fannan ne, malam, gwanin zane. Mai fenti shi ne mai shafa wa bango."

Burinsa kuma ɗaya ne, a rataya aikinsa a gidan baje kolin zane na gaske. Shekara goma yana jiran wannan rana.

Sai ga ta ta zo. Wata Bamisiriya mai suna Madam Huda tana da irin wannan gida a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, tana shirya baje kolin masu zane 'yan Afirka mazauna Masar. Bango ɗaya ya rage mata. Uzairu ya je ya nuna mata hotunan aikinsa a waya.

Ta duba, ta duba, sannan ta miƙa masa wayar.

"Hannunka tamam, ya ustaz," ta ce. "Amma duk waɗannan na gan su a kasuwa. Kwalekwale, raƙumi, dalar Fir'auna. Ina abin da ba wanda zai iya zanawa sai kai? Na ba ka wata ɗaya. Zan zo gidanka da kaina in gani. In na ga abin da nake nema, bangon naka ne."

Ya koma gida ya rufe kansa a baranda. Ya fara, ya goge. Ya sake farawa, ya sake gogewa.

A hawa na biyu na benen nan akwai wata tsohuwa, Nana Fatima, da 'yarta Tagwa. Hausawan Sudan ne, yaƙi ne ya koro su daga Omdurman. Tagwa zanen lalle take yi wa amare, da shi suke ci. A shekarar nan ɗan tsohuwar da ke aiki a Jidda ya biya mata kujerar Makka, ta tafi.

To, Misirawa suna da wata al'ada. In mutum ya tafi aikin hajji, kafin ya dawo danginsa kan kira mai zane ya ƙawata bangon ƙofar gida. A zana Ka'aba, a rubuta addu'a, a kuma zana hanyar da alhajin ya bi. Don haka mai zanen da ya san aikinsa ba ya taɓa buroshi sai ya zauna da mutanen gida ya ji yadda tafiyar ta kasance.

Tagwa ta ga ana yi, ta yi sha'awa. Ta roƙi mai gidan hayar ya bar ta ta yi a bangon matakala, ya yarda. Sai ta hau wurin Uzairu.

"Malam Uzairu, Yumma, mahaifiyata, za ta dawo ran Alhamis. Don Allah ka zana mana bango."

"Bango?" Ya ajiye buroshi yana kallonta. "Baiwar Allah, akwai masu wannan aikin a bakin titi. Je ki nemi ɗaya."

"Ai kai namu ne. Kai za ka fahimci abin da nake so."

"Ba ni da lokaci."

Rahina ce ta sa baki bayan Tagwa ta sauka. Ta ce masa matar nan ita ta zauna da ita a asibiti kwana uku lokacin da ta yi ɓari, in ya ƙi ba ta san da wane ido za ta kalle ta ba. Ya yi tsaki, ya ce ya ji.

Ranar Talata ya sauko da gwangwanayen fenti. Tagwa ta riga ta ajiye kujera da shayi.

"Zauna in ba ka labarin tafiyar tukuna," ta ce.

"Wane labari? Ba a jirgi ta tafi ba?"

"A jirgi ne, amma..."

"Khalas, ya isa. Na san abin da zan yi."

Cikin awa ɗaya da rabi ya gama. Ka'aba a dama, jirgin sama a hagu yana keta gajimare, rubutun addu'a a sama. Ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Jirgin har tagoginsa ana iya ƙirgawa. Ya rattaba sunansa a gefe, ya bar sauran fentin a ƙasa don ya ƙi ɗaukar kaya, ya haye sama. Shayin ya huce a inda aka ajiye shi.

Hajiya ta dawo ran Alhamis. Mata suka yi guɗa, aka raba dabino da zamzam. Da ta iso matakala ta tsaya gaban bangon, ta daɗe tana kallo. Uzairu yana tsaye daga sama, yana jiran yabo.

"Masha Allah," ta ce. "Ɗana, hannunka da albarka. Amma hajjin wa ka zana?"

"Naki mana, Hajiya."

"A'a. Jirgin nan awa biyu kawai na yi a cikinsa. Nawa hajjin da jaki aka fara shi. In ka samu sarari ka zo ka zauna, in gaya maka."

Mutane suka yi dariya, ba da mugun nufi ba. Shi kuwa abin ya yi masa zafi. Ya ce "Insha Allahu," irin wadda kowa ya san ma'anarta, ya koma barandarsa. Ya ce wa Rahina ya yi aikin kyauta an saka masa da raini, tsufa ne kawai ke damun matar.

Bai je ba. Sau biyu Hajiya tana aiko masa da gayyata, sau biyu yana cewa aiki ya yi masa yawa.

Da Tagwa ta ga haka, ta ɗauki fentin da ya bari. Ba ta da buroshi, sai ta ƙulla shi a leda ta huda baki, yadda take yi da lalle. Kullum in ta dawo daga aiki ta durƙusa a ƙasan jirgin Uzairu tana zane, uwarta na zaune a kujera tana gaya mata. Uzairu yakan wuce su in zai fita. Sau ɗaya ya kalli abin da wutsiyar ido, ya ga jaki mai ƙafafu kamar sanduna, ya girgiza kai ya wuce.

Shi kuma neman abin zanawa yake. Ya je tsohuwar Alƙahira, ya je maƙabarta, ya hau jirgin ƙasa na metro daga farko har ƙarshe yana kallon fuskoki. A ƙarshe ya zana faɗuwar rana a kan Nilu, babba, mai launi kamar wuta. Ya gamsu.

Ranar da wata ya cika, Madam Huda ta zo da hantsi. Ya tarbe ta a ƙofar bene, suka fara hawa. A hawa na biyu ta tsaya cak.

Ba jirgin take kallo ba. Ta sunkuya, ta cire tabarau, tana bin zanen ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mutum da jaki da ƙaramin yaro. Gonar auduga. Tudun ƙasa da dutse a kai. Wani mutum tsaye a bakin teku ya juya baya. Motar bas maƙare da mata, hayaƙi na tashi a bayanta. Layukan sirara ne, suna lanƙwasa kamar zanen lalle.

"Allah!" ta ce. "Wannan fa? Na ga sunanka a gefe. Kai ka yi duka?"

Nan ne aka gwada Uzairu. Ya ga yadda idonta ke haske, irin hasken da ya yi shekara goma yana jira. Ya duba, ba kowa a matakala.

"Ni ne," ya ce.

"To ai ka gama, ba sai mun hau ba. Wannan nake nema. Amma gaya mini, wannan farin abin mene ne? Ga shi a bayan jakin. Ga shi a kafaɗar mutumin bakin teku. Ga shi kuma a cinyar matar cikin bas."

Uzairu ya duba. Sai a lokacin ya lura da shi.

"Guzuri ne," ya ce. "Buhun gari."

"Ba gari ba ne, ɗana."

Ƙofa a buɗe take ashe, labule ne kawai. Hajiya Nana Fatima ta fito tana dogara sanda, Tagwa na bayanta. Ta gaida baƙuwa da Larabcin Sudan, ta ɗora yatsa a kan jakin.

"Wannan kakana ne. Daga Haɗeja ya taso a ƙasa za shi Makka, da mahaifina yana ɗan shekara bakwai. Farin nan likkafaninsa ne. Ya saya ne don ya wanke shi da zamzam. Shekara goma sha ɗaya yana tafiya, yana tsayawa yana noma. A Gadarif, a ƙasar Sudan, ajali ya same shi, ga kabarin nan. Ya ce kada a sa shi a ciki, a nemo wani ƙyallen, wannan sai ya ga Makka."

Ta matsar da yatsa.

"Wannan mahaifina ne. Ya kai har bakin teku, aka ce ba shi da takardar tafiya, ya juyo. Ya rasu bai sake samun dama ba, ya bar mini ƙyallen. Ranar da muka gudu daga Omdurman ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, ban ɗauki tukunya ba. Shi na ɗauka. Bana na wanke shi da zamzam da hannuna. Yana cikin akwati, ni za a sa a ciki."

Madam Huda ta share ido da bayan hannu, sannan ta juya.

"Wa ya zana?"

"'Yata ce," in ji Hajiya. "Shi Uzairu ya yi mana jirgin, Allah ya saka masa da alheri."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe Uzairu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Madam Huda ta hau ta ga faɗuwar ranar tasa, don dai ta cika alkawari. Ba ta yi minti biyu ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz," ta ce a bakin ƙofa. "Ƙaryar ma zan iya mantawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan labari yana ƙasan ƙafarka, da yarenka, kana taka shi kullum kana tafiya bakin kogi neman abin zanawa."

Bangon da ya rage Tagwa aka ba. Aka kawo mata ƙyalle mai tsawo, ta sake zana tafiyar a kai da ledarta.

Uzairu ya yi kwana huɗu bai sauko ba. Rahina abinci kawai take ajiye masa. A rana ta biyar ya wanke buroshinsa biyu mafiya kyau, ya ɗauki littafinsa, ya sauka hawa na biyu. Ya miƙa wa Tagwa buroshin, ya ce ta yafe masa. Sannan ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Hajiya, na zo jin labarin. Daga farko."

"Ai bangon an riga an bayar, ɗana."

"Na sani. Ba don bangon na zo ba."

Ta kalle shi. Sai ta ce, "Tagwa, ɗora ruwa. Kai kuma ajiye fensirin nan, kunne nake so."

Ya ajiye.

Darasi: Gwaninta ba ta isa ba in girman kai ya toshe maka kunne. Wanda kake rainawa a matakalar gidanku, ko tsohuwar da kake ganin surutu kawai take yi, wataƙila abin da ka yi shekaru kana nema yana wurinta. Ka saurari mutum kafin ka ce ka san abin da yake so, kuma kada ka ɗauki aikin wani ka ce naka ne, don tambaya ɗaya ta isa ta tona ka. In kana da dattijo a gida, ka zauna da shi yau tun yana nan. Ku tura wannan ga wanda kuka san yana saurin cewa "na sani."